Yadda Za Ka Halarci Taron Farko Bayan Shekara Ashirin Da Biyar Da Tashinsa

Ɗan'uwa, zauna ka sha kofinka, ba sauri muke yi ba. In ka bi matakan nan yadda na jera su, na yi maka alkawari duk Bengaluru babu mai shakkar cewa kana cikin mutum arba'in da suka halarci taron farko na masu rubuta manhaja, wanda kamfanin Chitragiri ke yi duk shekara. Hanyar gwadaddiya ce. Maƙwabcinmu Gururaj Kulkarni ya bi ta har ƙarshe, ga shi nan da ransa da lafiyarsa. Shi ma bai je ba.

Mataki na 1: Samu wanda za ka yi dominsa

Gururaj mutumin kirki ne. Aikinsa a kamfanin shi ne gwada manhajar da wasu suka rubuta, ya nemo inda ta karye, a gyara, a yabi waɗancan. Wata rana 'yarsa Tejaswini, da ake kira Teju, tana 'yar shekara bakwai, ta dawo makaranta da aikin gida: a rubuta babban abin da uba ya taɓa yi.

"Appa, kai me ka taɓa yi?"

Ya dubi silin, ya dubi ƙasa, ya ce, "Ina wurin taron farko."

Idon yarinya ya yi haske. Daga ranar ta ƙudura sai ta zama mai rubuta manhaja, kuma ta zama. To ka ga inda tafiyar ta dosa: duk duniya ta gano shi bai damu ba, ban da Teju.

Mataki na 2: Tara igiyoyi

Kowace shekara ana ba mahalarta kati da igiyar rataya shi a wuya, kowace da launinta. A ofis ba a tambayar shekarunka, igiyoyin da ka rataya a gefen teburinka ake ƙirgawa. Waɗanda ka rasa, je kasuwar Lahadi ta tsofaffin kaya, suna nan tsakanin matattun wayoyi da murfin tukwane. In wata ta yi sabunta da yawa, jiƙa ta a ruwan shayi ta kwana.

Ga inda rahamar take: shekarar farko ba a yi igiya ba. Takarda aka maƙala wa mutane a ƙirji da allura, kuma wa ke ajiye takarda? Saboda haka rashin shaidarka shi ne shaidarka. Masana sun tabbatar da wannan. Ban san sunayensu ba, amma sun tabbatar.

Mataki na 3: Haddace tarihin, amma ka riƙa faɗinsa da raini

Ba shi da yawa. An fara a zauren biki a unguwar Basavanagudi, furannin auren jiya ba a ma kwashe ba, aka ci shinkafa a ganyen ayaba. Shekara ta biyar aka koma otal. Shekara ta tara aka raba wa kowa waya kyauta, manya masu tumbi suka yi ture-ture har wani ya bar takalminsa ɗaya. Shekarar annoba kowa ya halarta daga gida, sama riga mai guga, ƙasa zanen barci. Yanzu kuwa mutum dubu takwas ne a wani makeken zaure kusa da filin jirgi, sai ka yi awa uku a cunkoso kafin ka je ka kalli abin da ƙaninka ke kallo a waya yana kwance.

Duk wanda ya yabi taron bana, ka ja dogon numfashi ka ce, "Ai an daina taro tun ranar da aka daina ganyen ayaba."

Mataki na 4: Kada ka amsa da baki

Allah ya hore mana kaɗa kan nan namu, wanda ba e ba ne, ba a'a ba. Yi amfani da shi. Akwai wani sabon ma'aikaci, Imtiyaz, mai tambaya kamar ɗan sanda, yana kiran Gururaj Guru-sar, wato Oga Guru.

"Guru-sar, da gaske Madam mai kamfani da kanta ta riƙa zuba wa mutane miya?"

Gururaj ya kaɗa kai.

"Wai kuma saniya ta leƙo ta taga ana tsakiyar jawabi?"

Ya sake kaɗawa, ya ɗan lumshe ido.

"Kai! Sar, kun ga duniya!"

Kafin la'asar saniyar ta shiga tarihi, har da launinta.

Mataki na 5: In ka haɗu da ɗan'uwanka, ku gaisa ku wuce

Zauren mutum arba'in yake ci. Waɗanda suka halarta yanzu sun haura ɗari shida. Kada ka tona, kada a tona ka.

Mataki na 6: In aka kira ka dandamali, kamu da ciwon ciki

A nan ne Gururaj ya yi sake. Da taron ya cika shekara ashirin da biyar, aka ce za a hau da 'yan farko su ba da labari a gaban Madam Vasundhara Hegde, wadda ta kafa kamfanin. Mutum ɗari shida suka kamu da ciwon ciki a mako guda. Shi ma ya shirya nasa, har ya fara dafe mara, sai ga Teju ta shigo tana tsalle, domin tana cikin masu shirya taron.

"Appa! Na sa sunanka! Kai ne na uku!"

"Teju, cikin nan nawa tun jiya..."

"Cikin da ya ci wainar dosa huɗu da safe? Tashi mu je a rage maka gashi."

Mataki na 7: Ƙara ɗan abu guda na kanka, ƙarami

Labarin da kowa ya sani ba ya gamsarwa. Sai ka sa masa wani ɗan abu da babu mai iya bincikawa. Ka dai zaɓa da hankali.

Ga Gururaj a kan dandamali, fitila na dukan goshinsa, fuskarsa a allo ta kai girman motar bas. Su biyar ne a kujeru, ga Madam a tsakiya da farin gashinta, ga Teju a layin gaba ta ɗaga waya tana ɗauka. Aka miƙa masa makirfo. Ya yi ganyen ayaba, aka tafa. Ya yi saniya, aka yi dariya. Daɗi ya kwashe shi.

"Zafi kuwa ranar ba a magana," in ji shi. "Ina zaune jikin bango, na ga tsofaffi na zufa, na ce a'a, wannan ba daidai ba ne. Na tashi a hankali na jona fanka."

Madam ta juyo da kujerarta gaba ɗaya.

"Ka jona fanka."

"Na jona, Madam."

"A ina?"

"A... soket ɗin bango."

"Soket ɗaya ne a zauren nan, malam. Kwamfutata ce a jiki, da majigi." Ta miƙe tsaye. "Jama'a, wannan ba ya cikin littafin tarihinmu, don kunya ta hana ni faɗa. Ina tsakiyar nuna manhajar da na yi shekara biyu ina rubutawa, allo ya yi baƙi ƙirin, sai ga fanka tana juyawa. Mai kuɗin da ya zo daga Mumbai don ya zuba jari ya duba agogo ya fita. Sai da na sayar da awarwarona. Shekara ashirin da biyar ina neman mai fankar nan!"

Mataki na 8: Zaɓi laifin da za ka iya ɗauka

Yanzu hanya biyu ce. Ko ka ce, "Madam, wallahi ban ma zo ba," ka fita fes, 'yarka na ɗauka a waya. Ko ka karɓi laifin wani.

Gururaj ya dubi Madam. Ya dubi layin gaba. Ya gwada kaɗa kai, Madam ta ce, "Da baki." Sai ya haɗa tafukansa a ƙirji, ya sunkuya.

"Ni ne, Madam. A yafe mini. Amma tsakani da Allah, an sha iska."

Zauren ya fashe. Mutum dubu takwas suna buga ƙafa suna "Mai fanka! Mai fanka!" Imtiyaz ya hau kan kujera yana ihu, "Ogana ne! Teburinmu ɗaya!" Madam ta yi dariya har ta cire tabarau, ta ce ta yafe, da sharaɗin kada a sake barinsa kusa da bango. Wani tsoho kuma a kujera ta biyar, wanda tun da aka ambaci fanka yake ta zufa, ya taso ya rungume Gururaj ƙam, yana hawaye yana cewa, "Allah ya yi maka albarka, ɗana. Allah ya yi maka albarka." Kada ka tambaye shi dalili.

Mataki na 9: Koma gida

Teju ce ke tuƙa babur, shi yana baya ya riƙe kwandon furannin da aka ba shi. Suka tsaya a jar fitila.

"Appa."

"Na'am, 'yar Appa."

"Hoton ranar sunana da ke falo, wanda kake riƙe da ni. Ka san kyamarorin zamanin da suna buga kwanan wata a gefe?"

Ta ci gaba.

"A garin Hubballi aka yi, gidan kaka. Rana ɗaya da taron farko. Tun ina aji shida na lura."

Gururaj ya ji kwandon ya yi nauyi. Da ƙyar ya ce, "To don me kika sa sunana?"

"Shekara goma sha takwas kana ba mu labarin nan a kan tabarma. Na ga asara ce mu kaɗai mu riƙa ji." Ta gyara madubi ta dube shi ta ciki. "Amma fankar nan, Appa, ban san da ita ba. Riƙe ni da kyau, fitila ta ba mu hannu."

Gargaɗi

Mai wannan rubutu ba shi da hannu a duk abin da ya same ka. In aka kore ka, in aka rungume ka, in aka ɗora maka laifin da aka yi kana wani gari, kai ka jiyo. Ban san ka ba, ban ba ka shawara ba, ranar ma ba na nan. In kuma 'yarka ta daɗe da gano ka ta yi shiru, kada ka zo ka tambaye ni abin yi. Saya mata kofi, ka fara labarin daga farko.