Safar Hannu a Bakin Inji

"...da gajiya, tsoho mai ran ƙarfe? Ashe har yanzu kana nan?"

"In tafi in bar maka matata? Zauna, Ɗan Tsako."

Tsohon yana ƙofar ɗakinsa da rediyo a cinya. Ƙarar inji ta daɗe da cinye masa kunne ɗaya, hannun damansa kuma yatsu uku suka rage. Jikansa ne ya zo sallama, gobe zai fara koyon aikin injin huda ƙarfe a wata masana'anta. Tsohon bai so ba, amma tun da aka sallami uban yaron daga aiki, babu mai bakin hanawa.

"Kai da ƙarfe? Kai da ko murfin kwalba sai tsohuwa ta buɗe maka?"

"Don sona take buɗewa. Bari in fara ɗaukar albashi, ranar za ka kwana gwauro."

Jikan ya zazzage leda: takalmi mai hancin ƙarfe, tabarau, da safar hannu sabuwa fil. Tsohon ya kashe rediyo.

"Wa ya ce ka sayi safar nan?"

"Rigakafi ya fi magani. Ko so kake in dawo irinka, ina ƙirga goma da taimakon ƙafa?"

"Da ita za ka tsaya gaban inji mai juyawa?"

"To da me? Wanda maciji ya sara, ko tsumma ya gani sai ya zabura."

"Tsumman shi ne macijin, sakarai. Hannu tsirara, in inji ya taɓa ka, yanka ne, ka janye ka ɗaure. Da safa, zare ɗaya zai kama ya naɗe, ya yi ta ja har kafaɗa. Ba ya jin ihu."

"Ai akwai malamai a wurin."

"Malami ɗaya, ku garke guda. Kafin ya iso kanka an gama." Ya ɗaga guntun hannun. "Wanda muke inji ɗaya da shi safa ya sa, ranar sanyi. Ni janyo shi kawai na je yi, aka karɓi yatsu biyu. Shi matarsa ba ta yarda an buɗe mata mayafin da aka rufe gawarsa ba."

Jikan ya riƙa juya safar. Tsohon ya ga har yanzu hannun yaro ne, ko kanta babu.

"Rigar nan ma ka naɗe hannunta. Zoben nan na yatsanka kuma ka bar wa budurwa, in akwai mai tsautsayin."

Yaron ya yi 'yar dariya, ya cire zoben ya sa a aljihu, ya ajiye safar a cinyar kakansa.

"Na ba ka, ka riƙa ɗaukar butar shayi. Kada a ce na ƙwace matarka ban bar maka komai ba."

"Na karɓa. Kai dai ka dawo mini da yatsu goma cif, in sakar maka tsohuwar da kaina."