Yadda Za Ka Hana Ƙwallon Golf Tashi Sama A Gaban Surukinka

Ɗan'uwa, share hawayenka. In kai ne mutumin nan da kowace Asabar yake ɗaga direba, wato babbar sandar golf mai ƙaton kai, ya kaɗa da iya ƙarfinsa, ƙwallo ta tashi sama tana juyi kamar katantanwa, sannan ta dawo ta faɗi kusa da inda ta baro, to ka faɗo hannun gwani. Bi matakan nan, na ɗaukar maka alkawari ƙwallonka za ta yi ƙasa-ƙasa, ta rage juyi, ta yi nisan da kai kanka sai ka tsorata.

Na san abin da ke cin ranka. Gasar 'yan bibbiyu ta kulob ta matso, kuma surukinka, Baba, a cikin mazajen 'ya'yansa yake ɗaukar abokin wasa. Shekara da shekaru kai ne. Bana kuwa Auta, ƙanwar matarka, ta auri Injiniya, wanda ƙwallonsa ke fita kamar harsashi. Madam ta riga ta ja maka kunne: "Wallahi in Baba ya ɗauki mijin Auta ya bar ka, ba ni da bakin magana a gidanmu. Ka san bakin yarinyar nan." Na tausaya maka ƙwarai. Mu fara.

1. Ɗora wa sanda laifi

Gwani ba ya kuskure, sandarsa ce ke yi. A wuyan direbanka akwai ɗan noti, kuma ranar da ka saye ta an haɗo maka da ƙaramar sifana. Nemo ta, tana cikin durowar da ake zuba tsoffin caja. Kwance notin, ka juya wuyan zuwa inda fuskar sandar za ta rage kallon sama, ka ɗaure har sai ka ji ƙas. Fuskar da ba ta kallon sama ba ta aika ƙwallo sama.

Kada ka gwada a falo. Fankar silin ba ta yi maka komai ba.

2. Nutsar da tsinke

Wannan ɗan tsinken da kake kafawa a ƙasa ka ɗora ƙwallo a kai, kai kana barinsa tsaye ƙiƙam kamar sandar tuta. Danna shi, yadda in ka ajiye sanda a bayan ƙwallo kaɗan ne daga ƙwallon zai leƙo ta saman kanta. Ka kuma ɗan matsar da ƙwallon baya daga saitin diddigenka na gaba. Kaɗan na ce. Mutanenmu in aka ce kaɗan sai su kai ta tsakiyar ƙafafu, a wayi gari suna haƙar rijiya a filin mutane.

3. Daina faskare

Juyin nan da ke ɗaga ƙwallonka sama, daga sara yake zuwa. Kana sauko mata da sanda ta ka kamar mai faskaren itace. Share ta za ka yi, kamar mai kore ganye da tsintsiya, kuma ta bugi fuskar sandar sama kaɗan da tsakiya.

Yaya za ka san inda ta buga? Hoda. Barbaɗa wa fuskar sandar, ka buga, tabon ƙwallo zai fito ɓaro-ɓaro. Hodar kuwa tana gaban madubin Madam. In ta fito tana tambaya, "Wai wa ke shanye min hoda a gidan nan?" sai ka dube ta cikin natsuwa ka ce, "Mutuncinki nake karewa." Ba ƙarya ka yi ba.

4. Gyara Injiniya

Gyaran kanka rabin aiki ne. Ranar Asabar ɗin da Baba zai yanke hukunci, ku uku za ku fita. Tun a wurin ajiye motoci ka tari Injiniya da fara'a, ka riƙe hannunsa da hannu biyu.

"Ƙanena, bugunka yana burge ni. Don Allah koya min, lokacin da kake kaɗa sanda, numfashi kake ja ko fitarwa kake yi?"

Zai yi dariya ya ce, "Kai Yaya, ban taɓa lura ba." Shi ke nan, ka gama da shi. Mai ilimi ba ya iya barin tambaya ba amsa. Daga yau zai lura, kuma wanda ke ƙirga numfashinsa ba ya ganin ƙwallo.

5. Buga

Baba ne zai fara, girmansa ne. Ƙwallonsa za ta tafi tafiyar dattako, ta sauka a tsakiyar fili ba nisa ba kusa. Ka ce, "Ma sha Allah, Baba, hannu bai tsufa ba."

Injiniya zai hau. Za ka ga ƙirjinsa na hawa da sauka, leɓensa na motsi. Zai kaɗa, ƙwallo ta miƙe sama tana wulwulawa, ta faɗo tim gaban ramin yashin farko. Kada ka yi dariya. In ta matsa maka, ka mai da ita tari.

Sai kai. Tsinke a nutse, sanda a ɗaure, shara ba sara ba. Za ka ji ƙara mai daɗi, ƙwallo ta fita ƙasa-ƙasa, ta wuce ta Injiniya, ta wuce ta Baba, ta sauka ta ci gaba da gudu abinta. Daɗi zai kama ka har ka ji kamar ka rungumi mai yankan ciyawa. Alkawarina ya cika, ka shaida.

6. Dubi fuskar Baba

A al'adar golf, wanda ƙwallonsa ta fi nisa da ramin da ake son jefa ta shi ke fara bugu na biyu, saura su tsaya su jira shi. Duk shekarun nan kai ne ke farawa, Baba na tsaye a gefe, hannuwa a baya, yana cewa, "Sunkuyar da kai, ɗana. Sannu a hankali." Yau kuwa bayan Injiniya shi zai sunkuya, kai kana tsaye kana jiransa, taka ƙwallon tana can gaba tana sheƙi.

Zai buga. Can zai juyo.

"Wa ya taɓa maka sanda?"

"Ni ne, Baba. Ɗan gyara na yi."

"Hmm. Ka iya gyara."

Daga nan har ramin ƙarshe ba zai sake ba ka shawara ba. Za ka gan shi manne da Injiniya, yana gyara masa tsayuwa, yana cewa, "Sunkuyar da kai, ɗana," fuskarsa fal annuri. A barandar kulob zai dafa kafaɗar Injiniya ya ce, "Bana da wannan zan shiga gasa. Yaron yana buƙatar mai koya masa." Sannan ya dube ka. "Kai ai ka sauke karatu. Nemi sa'anka."

7. Koma gida

Nan ilimina ya ƙare. Kafin ka fito da mota daga kulob Auta ta riga ta kira yayarta, don haka kada ka ɓata lokaci wajen tsara yadda za ka faɗa. Ka yi ta zagaya unguwa har man motar ya yi ƙasa, sannan ka shiga da sallama mai taushi.

Abin lura: ni ƙwallo na ce zan sauko maka da ita, kuma ta sauko. Ban ce na san zuciyar surukinka ba, ba ni na kai ka wurin Injiniya da ƙafata ba, hodar ma ba ni na ɗauka ba. Duk abin da ya same ka a falo, tsakaninka ne da Madam. In ta tambayi wanda ya ba ka wannan shawara, ka ce a hanya ka tsinta.