Yadda Ake Kai Ragon Suna Argungu a Motar Lantarki

Kai da ka sayi motar da ba ta shan mai, matso kusa. Bi matakan nan shida, na yi maka alkawari sunanka ba zai bar bakin surukanka ba har ka yi furfura. Maƙwabcina Aminullahi na Gwadangaji ya bi su tiryan-tiryan, lokacin da matarsa Hanifa ta haifi ɗan fari a gidan iyayenta a Argungu, ragon suna kuma yana wuyansa.

1. Fara da cika baki

Surukinka zai ce ka aiko da ragon tun ana saura kwana biyu, a motar 'yan kasuwa, yadda kowa ke yi. Ka ƙi. Aminullahi cewa ya yi, "Baba, ragon ga da kaina za ni kawo shi, cikin sanyi. Ko ƙarar mota ba ku ji." Mai motar lantarki ya wuce aike.

2. Dogara da wutar gida

Kwana uku ba a kawo ba? Alama ce tana hanya. Jona motar, ka zauna ka zuba wa ƙwan fitila ido. Mahaƙurci mawadaci.

3. Ziyarci wurin cajin jama'a

Ɗaya ne tal a garin, an buɗe shi da jawabai da tafi da ɗaukar hoto. Je ranar jajibirin suna. Za ka tarar da kwaɗo a ƙofa, da Balaraba mai albasa ta baza hajarta a inuwar rumfar wurin.

"Inna, ina mai wurin?" in ji Aminullahi.

"Ummaru mai gadi? Ya tai Zauro yankan shinkahwa. Makullin shina aljihunai. Sai an gama sussuka."

Kada ka yi fushi. Shinkafa in ta nuna ba ta jiran kowa, caji kuwa ba ya zubewa a gona.

4. Raina tafiyar

Allon mota zai nuna maka caji saura ƙiris. Ka ce Argungu ai ƙofar gida ce. Kashe na'urar sanyi, kashe rediyo, tura ragon kujerar baya, ka ɗauki hanya bayan asuba, tunda da hantsi an gama raɗin suna.

5. Tsaya da mutunci

Kana wuce Ambursa motar za ta tsaya, shiru, yadda ka yi alkawari. Manoma masu tafiya fadama za su kewaye ka. Wani ya miƙo wa Aminullahi galan ɗin injin ban ruwa.

"Alhaji, a zuba mata kaɗan?"

"Ba ta shan mai."

"To mi taka sha?"

Tare ɗan kabu-kabu, ka ɗora ragon a cinya bisa sabuwar shaddarka. Abin da rago zai yi a kanta, tsakaninku ne.

6. Iso rana tsaka

Aminullahi ya tarar an raɗa suna, an feɗe, ƙamshin tuya ya cika unguwa. Tsohon ya yanka ragon da yake turke don layyarsa, don kada jikansa ya kwana ba yanka. Kunya ta kama Aminullahi, Hanifa ma ta ƙi leƙowa. Surukin ya dube shi a gaban abokansa, ya ce, "Sannu da hanya, ɗana. Gaskiyarka, ko ƙara ba mu ji ba. Ɗaure wanga can, na ƙanen yaron ne. Amma in lokaci ya yi, ka taso tun cikin na wata bakwai."

Gargaɗi: mai wannan rubutu ba shi da mota, ba shi da rago, ba shi da suruki a Argungu. Wanda ya bi shawarar nan ya kwashi kunyarsa, kada ya ƙwanƙwasa mini ƙofa. Mai ƙorafi ya kai wa Ummaru. Yana Zauro, ba a gama sussuka ba.