Doguwar Kujera

Zamanin Faransa, mahautan Didawure sun rabu biyu kan wani akawu ɗan Dapango, gwanin tanis. Wasu suka ce girman kai zai hana shi cin kofi, wasu suka ce kunya ce kawai. Ni da ban taɓa ganin wasan ba na ce, "Bari in gano muku."

Na leƙa filin Turawa, na dawo ina huci.

"Girman kai ne! Ya hakimce kan doguwar kujera yana ƙirga da Faransanci, ya bar bayin Allah biyu suna gudu a rana!"

Sarkin fawa ya ajiye wuƙa. "Ɗana, alƙalin wasa ka gano."

Har yau in na shiga rumfa sai a ce, "A kawo masa doguwar kujera."