Hoton Awon Jinin Inna

"Ni fa ko walƙiya ce ta gifta, sai na ɗauke ta hoto kafin ta koma gida," in ji Darakta, yana goge bayan wayarsa da bakin riga.

Kada sunan ya ruɗe ka, aboki. Bai taɓa shirya fim ba. Sau ɗaya aka ba shi riƙon fitila a wurin ɗaukar wata talla, tun daga ranar ya daina amsa sunan yanka.

Aikin da ke gabansa ran nan bai kai walƙiya ba. Inna, mahaifiyarsa, za ta bi motar ƙarfe biyu ta je ganin jikar da autarta ta haifa. Likita ya ce ba inda za ta sai ya ga awon jininta. A auna da na'urar gida, a ɗauki hoton lambobin, a tura masa. Da baki ba ya yarda, don Inna ta saba zubar da ashirin daga lambar a hanya.

Na'urar kuwa tana da hali. Za ta matse hannu, ta nuna lamba, bayan daƙiƙa goma ta mutu abinta.

"Ko in ɗauka?" matarsa ta tambaya.

"Ke da hoto? Ki dai tsaya ki ga aikin manya."

Aka naɗa wa Inna, na'ura ta hura, lamba ta fito: ɗari da talatin, lafiya lau. Darakta ya durƙusa, ya saki hasken waya, fau! Suka duba. Fari tas.

"Wannan wata ne ko faranti?" in ji Inna.

"Gwaji ne, Inna. Kowane gwani da gwaji yake farawa."

Aka sake matse tsohuwa. Ya kashe hasken, ya jawo tebur bakin taga. Wannan karon hoto ya fito raɗau, sai dai ba na lamba ba. Gilashin na'urar ya zama madubi, ga hancin Darakta nan ƙofa biyu, kamar garejin manyan motoci.

"Kai, kamar an zana," matar ta ce. "Likitan hanci za a tura wa?"

Ya ce rana ce ta yi masa zagon ƙasa. Ya sa aka saki labule, aka rufe ƙofa, aka kashe fanka don kada iska ta kaɗa hoto. Ɗaki ya yi duhu, lambobi suka fito kamar tsutsotsi suna dambe. Ya kanga wayar dab da gilashi, ta ƙi gani. Ya hau kujera ya jawo hoton daga sama, kafin ya saita na'ura ta yi barci.

Duk wannan fa a hannun Inna ake yi. A matsa ta shida lamba ta kai ɗari da hamsin da biyar.

"Ɗan nan, hannuna ne ko rake? Kullum lambar gaba take yi, kai kana baya!"

"Inna ki daina numfashi da ƙarfi, kina girgiza tebur."

"To bari in mutu na minti ɗaya, ka samu hotonka."

Ta ɓalle abin ta jefa masa. Agogo ya nuna ɗaya saura kwata.

Darakta bai karaya ba, gumi kawai yake kamar tulu. Ya ce zai gwada a kansa har ya gano kusurwa. Ya naɗa a hannunsa, ya buɗe labule rabi, ya ja baya kaɗan, ya karkata wayar. Sai ga hoto garau, ko ɗigo ba a ɓoye ba. Daɗi ya kwashe shi, ya tura wa likita nan take, har da rubuta "Ga aikin ƙwararru."

Ko minti ba a yi ba waya ta yi ƙara.

"Ɗari da tamanin da biyar!" Muryar likita har tsakar gida. "Kada ta motsa! Tafiya an fasa!"

Jakar Inna ta faɗi daga cinyarta. Kallon da ta yi wa ɗanta, da na'urar na hannunta da ta ƙone.

Matar ta karɓi wayar cikin ladabi. "Likita, don Allah dubi hannun da ke gefen hoton. Inna ba ta da gashi haka."

Likita ya sake duba hoton. Ya ce a bar tsohuwa ta huta minti goma a sake aunawa. Matar ta ba ta ruwa, ta kunna fanka, ta auna, ta ɗauka sau ɗaya da tsohuwar wayarta mai tsagaggen gilashi. Ɗari da talatin da biyar.

"Inna ta yi tafiyarta," in ji likita. "Mai gashin nan kuwa ya kwanta yanzu. Ba gishiri, ba tuƙi, gobe da safe ina son ganinsa."

Haka aka shimfiɗe Darakta a doguwar kujera, aka tusa masa matashi. Matar ta ɗauki makullin mota za ta kai Inna tasha. A bakin ƙofa tsohuwa ta juyo, ta ɗora masa wayarsa a ƙirji.

"Ungo, gwani. Ka yi ta ɗaukar silin kafin ta dawo. Shi ba ya mutuwa bayan daƙiƙa goma."