Koriyar ciyawa a kan kwali

Abubuwa da yawa sun fice mini daga kai, har ranar da aka ba ni takardar gama karatu sai na yi dogon tunani kafin in tuno ta. Amma ba zan taɓa mantawa ba da hantsin da na tsaya gaban dattawan Filinge da koriyar ciyawa a kan kwali, ina jiran a tafa mini.

A shekarun farin nan ne, lokacin ƙasa ba ta daɗe da samun 'yancin kai ba, ana ta neman 'yan ƙasa da za su gaji Turawa a biro-biro, wato ofisoshin gwamnati. Ni aka tura ni Yamai, wata lekol inda ake koyar da zanen gini da tsara gari. Malaminmu, Mushe Sanda, bai daɗe da dawowa daga karatu a waje ba, kuma ya dawo da wani ra'ayi da ya ba mu mamaki. Mun zaci zai koya mana benaye, sai ga shi kullum maganarsa ɗaya: "Ku daina kwafo garuruwan wasu. Kafin ku ja layi ko ɗaya, ku je ku zauna a wurin. Ku ga ina inuwa take da hantsi, ina take da la'asar, ina mata ke bi, ina jaki ke tsayawa, ina ruwa ke gangarawa in Allah Ya kawo shi."

Duk wannan na ji shi ne da kunne ɗaya. Ina can kujerar baya, na ɓoye ɗan littafin soyayya a cikin babban littafin zane. Irin 'yan littattafan nan ne masu hotuna da ake bazawa a ƙasa a kasuwar Yamai, kuma na karanta su har na haddace ka'idarsu: ba a taɓa furta so a kan rairayi. Dole sai a kan koriyar ciyawa, kusa da tafki, ruwa na tsiri sama, furanni na kallo. (Na yi imani da wannan fiye da yadda na yi imani da lissafi, shi ya sa lissafin nawa ya zo yadda ya zo.)

Da babban hutu ya matso, sufurefe na Filinge, wato jami'in gwamnati mai mulkin gundumar, ya aiko cewa yana son a tsara fegin nan da ke tsakanin kasuwa da tashar mota. Mushe Sanda ya zaɓi mutum biyu: ni, don ni ɗan gari ne, da Alzuma, ɗan wani magini daga Bonkuku. Kowa zai yi maket, wato ɗan ƙaramin samfurin wurin a kan faifan kwali, sannan mutanen gari su zaɓi wanda za a yi aiki da shi.

To, bari in faɗi gaskiya, tun a aji ba na ƙaunar Alzuma. Ba abin da ya yi mini, wannan ne ma babban laifinsa. Mutum ne mai shiru, tafin hannunsa kamar bayan kunkuru, Hausarsa da ɗan karkatar Zabarmanci, amma duk zanen da ya miƙa sai Mushe Sanda ya ɗaga shi sama ya ce mu duba. Nawa kuwa sai ya juya shi, ya sake juya shi, ya ce: "Yana da kyau. A wace ƙasa ce?"

Sai kuma ga maganar Rakiya.

Rakiya 'yar maƙwabcinmu ce tela, tana buga keken rubutu a biron sufurefe. Shekara biyu ina rubuta mata wasiƙu ina ajiyewa a ƙasan akwati. Ita kuwa "Yaya" take kirana, kalmar da duk lokacin da ta faɗe ta sai in ji kamar an rufe mini ƙofa da ladabi. Na ƙudura cewa wannan hutun zan nuna mata ko ni wane ne.

Kwana uku da isowarmu, na biyo ta fegin da rana tsaka, sai ga Alzuma durƙushe yana auna inuwar wani tsohon gawo. Wa ke riƙe masa ɗaya bakin igiyar awo? Rakiya. Da shuɗin zanenta, tana dariya.

"Yaya, zo ka gani!" ta ce. "Wai inuwa ma aunata aka yi. Jiya ya wuni wajen masu saida kuka yana tambayarsu ina suka son zama."

"Haka ne," na ce, ina murmushin da ya fi kuka ciwo. "Wasu sai sun tambaya. Wasu kuma a kai abin yake."

Alzuma ya ɗago ya ce: "In kana son awon, in ba ka. Na riga na rubuta."

Kun ji irin halin nasa. Na ce na gode, ba na buƙata, na wuce ina tafiya irin ta jaruman littattafaina, har na yi tuntuɓe da turken jaki.

Daga ranar na shige ɗaki na ja ƙyaure. Na yi tafki da fasasshen madubin Inna. Na yi ruwa mai tsiri da zaren auduga. Na yi kujerun masoya da tsinken ashana, na yanka furanni da jar takarda. A bakin tafkin na tsayar da 'yan mutane biyu na laka, namiji da mace, macen na ɗaura mata ƙyallen shuɗin zane da na tsinto a shagon babanta. (Na gaya wa kaina ba wanda zai gane. Garin da kowa ya san zanen kowa.)

Abu ɗaya ya rage: ciyawa. Na shafa koren fenti, ya fito kamar miyar da ta kwana. Ina son kore mai rai, wanda zai sa a manta da laka da tsinken da na ji Alzuma yana ta tarawa. Amma a wannan shekarar, daga Filinge har Abala, ba ka ganin ɗanyen ganye ko na magani. Shanu sun zube, rijiyoyi sun ja ƙasa, a gidanmu jar dawar taimako muke ci, wadda ke murɗa ciki.

Sai na tuna da tulun Baba.

Baba yana da wani tulu a lungun ɗakinsa, an liƙe bakinsa da laka. Irin gero ne a ciki, na ƙarshe da ya rage mana, gauraye da toka don kada ƙwari su ci. Akwai ranar da ƙannena suka wuni da ruwan zafi kawai, Inna ta dubi tulun, Baba ya ce: "Wanga ba abinci ba na. Wanga baɗi ta." Ba a sake zancen ba.

Ranar Juma'a da ya tafi masallaci, na ce kaina ke ciwo. Na ɓanɓare lakar, na ɗebi tafi biyu, na kwaɓa sabuwa na mayar. Na ce wa zuciyata ai tafi biyu ba kome ba ne, kuma a littattafai ma jarumi yakan yi kasada saboda so. Na shimfiɗa ƙasa a kan kwalin na barbaɗa.

Saura ruwa. Inna ce ke sammako rijiya, ta yi dogon layi, ta dawo da tulu biyu da za su ishe mu wuni. Sai na koma ɗaukar buta sau bakwai, sau takwas, ina cewa alwala zan sake. Baiwar Allah har ta fara gaya wa maƙwabta cewa Yamai ta shiryar mata da ɗa, yanzu har nafila yake yi a ɗaki. Cikin mako guda, kwalina ya yi kore shar. Na zauna ina kallonsa kamar uba da jariri.

Ranar zaɓe aka shimfiɗa tabarmi a gindin gawon nan. Ga sufurefe a kujera, ga Mushe Sanda da ya biyo motar kasuwa tun daga Yamai, ga sarkin kasuwa da dattawa, Baba a cikinsu. Mata sun tsaya daga baya da tulunansu. Rakiya na gefe da takarda tana rubuta abin da ake faɗa.

Alzuma ya fara. Maket ɗinsa launin ƙasa ne tun daga farko har ƙarshe, kamar an yanko wani yanki na fegin an ɗora a faifai. Ya nuna inda zai ɗan karkata ƙasa don ruwan sama ya gangara gindin itatuwa maimakon ya bi hanya. Ya nuna gawo da aduwa da za a dasa a cikin 'yan ramuka, da dakalin laka ta gabas don masu zaman la'asar, da wurin ɗaure jakuna nesa da masu abinci. Wata tsohuwa mai sayar da kuka, Gwaggo Hajo, ta leƙa ta ce: "Ga wurina nan! Yaron ga ya ji magana." Aka yi dariya. Ni ma na yi, irin ta wanda ya san abin da ke ƙarƙashin mayafinsa.

Da aka zo kaina, sai da na gyara murya. Na yi jawabi a kan kyau, da ci gaba, da cewa ƙasa mai 'yanci ta cancanci wurin da zukata za su huta. Na saci kallon Rakiya. Sannan na fizge mayafin.

Wurin ya yi tsit. Wata mace daga baya ta ce: "La'ilaha illallahu." Na ji kaina ya kumbura. Ashe ba irin shirun da nake zato ba ne.

Gwaggo Hajo ta matso, ta sunkuya, ta shafa koren da bayan hannunta kamar mai taɓa goshin mara lafiya.

"Ɗan nan, wanga ba haki ba na," ta ce. "Wanga ai hatsi na."

"Samfuri ne, Gwaggo, yana nuna..."

"Hatsi na! Shekara sittin ina noma, ka ce mini samhuri? Wa ad da irin zubarwa cikin garin ga bana?"

A nan na ga Baba ya tashi. Bai yi sauri ba, da ma ya yi. Ya zo ya tsuguna, ya tsige tsiro ɗaya, ya dubi saiwar. Ƙwayar na nan maƙale, da ɗan tokarta. Ya daɗe yana juya ta a tafinsa.

"Na ga sabuwar laka bakin tuluna," ya ce, ba da ƙarfi ba, amma har na bayan baya sun ji. "Na kwan bakwai ina ɗana ma ɓera tarko. Ashe ɓeran nawa ya yi lekol."

Ba wanda ya yi dariya, kuma wallahi da an yi da na samu sauƙi. Sai muryar Inna daga cikin mata: "To, alwalar fa?" A nan ne dariyar ta fashe, har sufurefe ya rufe baki da hannu.

Ina tsaye ina addu'ar ƙasa ta tsage, sai Rakiya ta ajiye takardarta ta matso. Ta dubi 'yar lakar mai shuɗin zane, ta dubi zanen jikinta, ta dube ni.

"Yaya," ta ce a hankali, "wannan da ka tsayar bakin tabki, hutawa taka yi, ko ita za ta riƙa jawo ruwan?"

Duk littattafan da na karanta, babu inda aka nuna mai jawo ruwan.

Wanda ya cece ni, don ƙarin baƙin ciki, Alzuma ne. Ya ce wa Baba tsiron bai wuce dashe ba, in aka raba shi a hankali aka sa inda ruwan wanka ke bi, wasu za su kama. Ya cire rigarsa ya rufe kwalin don kada rana ta ƙone shi. Na tsane shi a wannan lokacin fiye da kowane lokaci, kuma na ce masa na gode. Mushe Sanda bai tsawata mini ba. Da zai shiga mota ya ce: "Karo na farko ke nan da ka yi aiki da kayan ƙasarku. Saura ka koyi tambayar masu su."

Baba ya ɗora mini kwalin a ka, ya sa na ratsa tsakiyar kasuwa da shi har gida, ruwan tsirina na auduga yana kaɗawa a iska. Na dasa tsiron a bayan makewayi, kuma daga ranar Inna ta huta da sammako, ni na gaji layin rijiyar. Tsiron da suka kama, kan gero goma sha wani abu suka yi. Baba ya sussuke su ya mayar cikin tulu, kuma tun daga lokacin in zai tafi masallacin Juma'a, a gaba yake sa ni.

Tsarin Alzuma aka yi. Sauran hutun nan ni na riƙa ɗaukar ruwa ina bai wa 'yan gawonsa, shi yana awo, Rakiya na riƙe igiya. Har yau tana riƙe da ita, don shi ta aura, jikokinsu "Kaka Yaya" suke kirana.

Na yi shekaru ina wannan aikin bayan haka, kuma ban sake ɗiga kore a takarda ba sai na fara tambayar wa zai jawo ruwan, kuma irin na wane ne. Yanzu da la'asar a kan dakalin nan na gabas nake zama, inuwa na sauka daidai inda Alzuma ya ce za ta sauka. Duk wanda ya yaba wurin nakan gyaɗa kai in ce ba laifi. Amma in kuna son gaskiya, da da ɗan tafki a tsakiya da ya fi.