Jar Rigar Saje Nomau

Wani mutum ne a garin Dutsen Bawale, sunansa Nomau, amma in ba ka ce Saje Nomau ba, ba ya waiwayowa. Shekara bakwai ya yi a birni. Waɗanda suka gan shi a can sun ce rake yake sayarwa a bakin barikin 'yan sanda. Shi bai taɓa kawo zancen rake ba.

Zancensa ɗaya ne, Alhaji Hashimu. Wannan Alhaji Hashimu shi ya taɓa riƙe 'yan sandan ƙasa baki ɗaya. Daga nan aka zaɓe shi cikin manyan ƙungiyar 'yan sandan duniya, masu bin ɓarawo ko ya tsallake teku. Mutanen gari a rediyo kawai suka san shi. Nomau kuwa Oga yake ce masa.

Kullum da la'asar yana bakin tukubar Sarkin Fawa, yana cin tsiren da wani ya saya.

"Ni da Oga mun bi wani ɗan fasa-ƙwauri ƙasa uku," in ji shi. "A ta huɗu takalmin Oga ya tsinke. Na ce, Oga zauna ka huta. Ni na ƙarasa."

Sarkin Fawa ya ce, "Da ƙafa?"

"Da ƙafa mana. Jirgin ya riga ya gaji."

Ana nan sai ɓarayi suka sa kasuwar shanu a gaba. Wannan mako saniya biyu, wancan mako bajimi. Dagaci Ilu ya ce za a kafa 'yan sintiri, kuma shugabansu zai riƙe sabon babur da aka saya. Mutum biyu suka fito. Nomau, da Jatau maharbi, wanda ba ya yin magana goma a wuni. Gari ya rabu. Wasu suka ce Jatau ya san daji. Wasu suka ce Nomau ya san duniya, daji kuwa ai cikin duniya yake.

Nomau har ya fara tambayar kuɗin mai.

Kwatsam sai labari ya zo cewa Alhaji Hashimu ya ajiye aiki, ya sayi gona a fadamar da ke bayan gari. Dagaci ya ce, "Faɗuwa ta zo daidai da zama. Na aika masa. Ran Laraba zai zo kasuwa, shi zai zaɓa. Saje, sai ka shirya tarbar ubangidanka."

Nomau ya ce, "Madalla." 

Ya koma gida ya zauna gindin rumbu ya yi ta saƙa da warwara. Can dabara ta zo. Mutumin da ya yi mulkin dubban dubbai, ina zai riƙe fuskar kowa? Kuma babba ba ya duban mutum a bainar jama'a ya ce ban san ka ba. Kunya ba za ta bar shi ba. Abin da ya rage kaya ne kawai, waɗanda in an gani ba sai an yi tambaya ba.

Ya sayar da akuyarsa ya nufi birni, layin 'yan gwanjo. Ya tarar da wani ɗan gwanjo mai suna Sahabi yana kwance sabuwar dila. A tsakiyar kayan ga wata jar riga, doguwa har gwiwa. Maɓallai layi biyu suna walƙiya, kafaɗu da tuntaye, ƙirji da rubutun zare mai ruwan zinariya. Har da hularta, doguwa kamar turmi.

"Wannan ta waye?"

Sahabi ya ce, "Ta wani babba ce a ƙasar Turawa. Dubi maɓalli."

"Janar?"

"Ko abin da ya fi."

Nomau bai nemi ragi ba.

Laraba ta zo da rana irin ta bazara, wadda ƙadangare ma ke neman inuwa. Rigar kuwa don ƙasar ƙanƙara aka ɗinka ta. Kafin Nomau ya kai kasuwa gumi ya cika masa takalmi, yana tafiya yana caɓal-caɓal. Amma ya yi kwarjini. Masu fura suka ba shi hanya. Wani jaki ya tsinke igiya. Jatau yana gefe zaune a kan dutse da tsohuwar taguwarsa, yana ɓare gyaɗa.

Wata tsohuwar a-kori-kura ta tsaya. Nomau ya zabura, ya riga kowa, ya buɗe ƙofa, ya doka ƙafa dim, ya ƙame.

"Barka da zuwa, Oga!"

Wani dattijo ya fito, siriri, da kaftani mai taɓon gona a gindi. Ya tsaya ya dubi rigar tun daga hula har gwiwa. Ya daɗe yana dubawa.

"Ikon Allah," in ji Alhaji Hashimu. "Na san rigar nan."

Nomau ya karkato ido wajen jama'a. "Kun ji dai."

Kasuwa ta ɗau guna-guni. Dagaci ya gyaɗa kai. Masu goyon bayan Jatau suka fara duban ƙasa.

Alhaji Hashimu ya ce, "Sau uku ina zuwa taro a wani gari na ƙasar Turawa. Duk zuwan da na yi, mai irin rigar nan ne ke fara tarbata."

"Ni ne, Oga!"

"Wancan Bature ne, dogo."

"Sanyi ne, Oga. Sanyin can yana sa mutum fari. Ya kuma miƙar da shi."

"Haka ne," in ji Alhaji Hashimu. Bai yi ko murmushi ba.

Dagaci ya matso. "Ranka ya daɗe, mu ƙauyawa ne. Wane muƙami ne wannan a aikinku?"

"Ba na aikinmu ba ne. Otal ne, masaukin baƙi. Ga sunansa nan a ƙirji. Mai wannan riga shi ke tsayuwa a bakin ƙofa. Ya buɗe maka mota, ya ɗauki jakarka. In ana ruwa ya riƙe maka lema."

 Can cikin kara, inda ake cinikin shanu, wata saniya ta ce muu.

Sarkin Fawa ya yi gyaran murya. "Ranka ya daɗe, suna kama ɓarawo?"

"Ban taɓa gani ba. Amma akwai su da ladabi."

Nomau ya share gumi da hannun rigar, maɓalli ya karce masa hanci. "Oga ya manta ne. Ai shigar burtu na yi a wurin."

Jatau ya tofar da ɓawon gyaɗa. "Mai shigar burtu ba ya sa ja."

Alhaji Hashimu ya juya wajensa. "Malam, ta ina ɓarayin ke fitar da shanun?"

"Kwarin gabas. Su uku ne. Ɗaya na jan ƙafa."

"Dagaci, a ba wannan makullin babur."

Aka ba Jatau. Ya jefa a aljihu ya ci gaba da gyaɗarsa.

Dagaci mutum ne mai tausayi. Ya ce, "To, Saje fa, ranka ya daɗe? Ya sha ɗawainiya."

"Kada a bar shi haka," in ji Alhaji Hashimu. "Na ga yadda ya buɗe mini mota. Ko a can ba su fi haka ba. Karar nan tana da ƙofa?"

"Akwai ƙyaure na langa-langa."

"To, shi ke nan."

Kafin Nomau ya ce uffan, an raka shi bakin ƙyaure an tsayar. Rana tana tsaka. Sai ga wani Bafulatani ya tunkaro da garke, kai arba'in ko fiye. Sarkin Fawa ya ɗaga murya daga tukuba.

"Saje, buɗe! Baƙi sun iso!"

Ya buɗe, ƙiiii. Da bajimin gaba ya zo wucewa, da tozo kamar tulu, hannun Nomau ya tafi goshi da kansa.

Bajimin bai amsa ba.